Yadda Ake Koyon Karatu da Rubutun Sinanci Daga Tushe

Akwai haruffa biyu da nake fara nuna wa duk wanda ya ce mini yana son koyon Sinanci: 买 da 卖. Na farko "saya" yake nufi, na biyu "sayarwa". A ido, bambancinsu 'yar alama ce mai kama da ta tarawa a lissafi, wadda aka ɗora a kan na biyun. A kunne kuwa duka biyun "mai" ne, sai dai a ɗaya murya tana nutsewa ƙasa, a ɗaya kuma tana faɗowa daga sama. Ɗan kasuwar da ya kasa rarrabe su a biranen kasuwanci na ƙasar Sin irin su Guangzhou ko Yiwu zai iya faɗin akasin abin da ya je yi. Aikin da ke gabanka ke nan a dunƙule: horar da kunne, horar da ido, sannan hannu. Kuma a wannan jerin ya kamata a bi su, domin mafi yawan waɗanda na ga sun yar da karatun nan a wata na biyu sun fara ne da haddace haruffa kamar hotuna, alhali ba su san sautinsu ba, ba su kuma san da me aka gina su ba.

Mataki na farko: san wane Sinanci kake nema

Harshen da ake koyarwa a makarantun ƙasar Sin, ake kuma karanta labarai da shi, sunansa Putonghua, wanda duniya ta fi sani da Mandarin, kuma a kan furucin Beijing aka gina shi. Mutanen Guangzhou da Hong Kong suna da nasu, wato Kantonis, wanda mai Putonghua zalla ba ya ji. Kada wannan ya raba maka hankali. A kasuwannin Guangzhou 'yan tireda daga lardi-lardi suke, kuma da Putonghua ake ciniki.

Rubutun ma iri biyu ne. Akwai sauƙaƙaƙƙen da gwamnatin Sin ta fara fitarwa a 1956, shi ake amfani da shi a babban yankin ƙasar da kuma Singafo. Akwai na gargajiya, wanda Taiwan da Hong Kong da Macau suka riƙe. "Doki" a sauƙaƙe 马 ne, jan alƙalami uku. A gargajiyance 馬 ne, ja goma. In ba Taiwan ka nufa ba, ɗauki sauƙaƙaƙƙen, ka bar ɗayan sai ka yi nisa.

Mataki na biyu: pinyin da karin sauti

Pinyin hanya ce ta rubuta sautin Sinanci da haruffan boko. An amince da ita a 1958, kuma malamin da ya fi kowa suna a aikin tsara ta shi ne Zhou Youguang, wanda ya rasu a 2017 yana da shekara 111. Yaran Sinawa da ita suke fara firamare, manyansu kuma da ita suke rubutu a waya. Ka ba ta mako uku zuwa huɗu cur kafin ka tsunduma cikin haruffa. Gaɓoɓin harshen gaba ɗaya ba su wuce wajen 400 ba idan an cire kari, wato hawa da saukar murya, saboda haka abu ne da ake iya gamawa.

Tarkon shi ne haruffan namu ne, amma sautin ba namu ba ne. Ga wuraren da Bahaushe ya fi tuntuɓe. Harafin c a pinyin ba "c" ɗin "ciki" ba ne, "ts" ne mai fitar da iska, ba tare da maƙurewar da muke yi a "tsuntsu" ba. Wanda ya fi kusa da "c" ɗinmu shi ne q, shi ya sa qián, wato kuɗi, yake fita kamar "ciyen". Harafin x kamar "sh" ne, amma da kan harshe a bayan haƙoran ƙasa. Su kuma zh da ch da sh da r, ana ɗaga kan harshe ne a ja shi baya. Wasalin ü kuma, ka ce "i", sannan ka tsuke leɓe kamar za ka ce "u" ba tare da harshe ya motsa ba. Bambancin b da p, d da t, g da k, duk na iska ne: riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in ka ce pa ta kaɗa, in ka ce ba ta tsaya cak.

Sai babbar matsalarmu, f da p. A Hausa ba mu raba su, wani ya ce "fanka" wani ya ce "panka", kowa ya gane. A Sinanci fàng "ajiye" ne, pàng kuwa "mai ƙiba". Don f, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Don p, leɓuna biyu su haɗu su buɗe da iska. Tsaya a gaban madubi ka yi ta yi har bakin ya saba. Haka nan ka kula da ƙarshen gaɓa, domin -n daban, -ng daban.

Yanzu karin sauti, inda Allah ya ba mu abin da Bature ba shi da shi. Hausa harshe ne mai kari. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya baƙaƙensu da wasulansu ɗaya, muryar gaɓar ƙarshe ce kawai ta raba su. Wato kunnenka ya riga ya yarda cewa hawa da saukar murya suna canza ma'ana, abin da wasu ɗalibai ke shafe watanni suna kokawa da shi. Putonghua tana da kari huɗu. Na ɗaya a sama yake, miƙaƙƙe: mā, uwa. Na biyu hawa yake yi: má, wani tsiro mai kama da rama da ake igiya da ita. Na uku ƙasa yake nutsewa: mǎ, doki. Na huɗu faɗowa yake yi da ƙarfi: mà, zagi. Akwai kuma gajeriyar gaɓa marar nauyi, kamar ma ta ƙarshen tambaya.

Na ɗaya da na huɗu ba za su ba ka wahala ba. Na ɗaya karinmu ne na sama, ka dai riƙe shi kada ya zame. Na huɗu kuwa shi ne muryar da kake yi a "kai" na jiki, in ka ce "kai ke ciwo". Na biyu ne baƙo, domin Hausa ba ta saba da kari mai hawa a gaɓa ɗaya ba, ka fara daga tsakiyar murya ka hau, kamar mai cewa "eh?" don bai ji abin da aka faɗa ba. Na uku kuma, littattafai suna zana shi kamar ƙwarya, a sauka a hau, amma a cikin magana yawanci saukar kawai ake yi a tsaya a ƙasa. Idan na uku biyu suka haɗu, na farkon yana komawa na biyu: ana rubuta nǐ hǎo, ana faɗin ní hǎo. Haka bù, "ba", take komawa bú a gaban kari na huɗu, kamar a bú shì.

Kada ka yi atisayen kari da gaɓa ɗaya-ɗaya kawai. Yi da kalmomi masu gaɓa biyu: fēijī (jirgin sama), Zhōngguó (ƙasar Sin), yínháng (banki), shǒujī (wayar hannu), diànhuà (tarho), xièxie (na gode). Saurari ɗan harshe, maimaita, naɗi muryarka a waya, ka kwatanta. Kuma ka ɗaura wa kanka wannan doka tun yau: kalmar da ba ka san karinta ba, ba ka san ta ba.

Mataki na uku: jan alƙalami

Kowane harafi da ƙananan ja aka gina shi, kuma kowane ja yana da suna da inda yake dosa. Héng kwance yake, daga hagu zuwa dama. Shù tsaye yake, daga sama zuwa ƙasa. Piě yana gangarawa hagu, nà yana gangarawa dama. Diǎn ɗigo ne, tí ɗan ja ne mai tashi sama, gōu ƙugiya ce, zhé kuma lanƙwasa. Malaman rubutun Sin sun daɗe suna horar da yara da harafin 永 (yǒng, dawwama), saboda ya tattara manyan nau'o'in ja guda takwas.

Jerin ja yana da ƙa'ida: sama kafin ƙasa (三), hagu kafin dama (你), kwance kafin tsaye (十), gangaren hagu kafin na dama (人), tsakiya kafin gefuna (小). Idan harafi yana da shinge, a fara gina bango uku, a shigar da abin da ke ciki, sannan a rufe ƙofa daga ƙasa, kamar a 国 (guó, ƙasa). Wasu na ganin wannan tsanani ne marar amfani. Ni ban yarda ba. Hannun da ya saba da jeri ɗaya yana tuna harafi ko da kai ya manta, kuma idan kana son neman baƙon harafi ta hanyar zana shi da yatsa a waya, bin jerin ne ke sa manhajar ta fi saurin gane abin da kake nufi.

Nemi littafin rubutu mai murabba'ai, kowanne an raba shi huɗu. Sinawa na kiransa tiánzìgé, domin ya yi kama da harafin 田, gona. In babu, ɗauki rula ka tsaga da kanka. Kowane harafi, mai ja ɗaya ne ko mai ashirin, gida ɗaya yake ci. Fara da fensir, ka bar burushi da tawada sai daga baya. Soma da lambobi, 一 二 三 四 五 六 七 八 九 十, sannan 人 (mutum), 口 (baki), 日 (rana), 月 (wata), 山 (dutse), 水 (ruwa), 火 (wuta), 木 (itace), 女 (mace), 子 (ɗa). Tun a nan ka buɗe ido da masu kama da juna: 人 da 入 da 八; 大 (babba) da 太 (ƙwarai) da 犬 (kare); 土 (ƙasa ta takawa) da 士, waɗanda tsawon ja ɗaya ne ya raba su.

Mataki na huɗu: gano sassan harafi

Wannan ne zuciyar aikin, kuma a nan nake roƙonka ka daɗe.

Ana yawan cewa haruffan Sinanci hotuna ne. 'Yan kaɗan ne haka, irin su 山 da 木. Wasu kuma ma'ana biyu aka haɗa: mutum a jikin itace, 休, hutawa, itace biyu, 林, kurmi. Amma kimanin kashi 80 cikin 100 ginin gida biyu ne: ɓangare ɗaya yana nuna fannin ma'ana, ɗayan yana nuna sauti. Wanda ya gane wannan ya daina haddace dubban zane-zane, ya koma harhaɗa 'yan ɗaruruwan tubala da ya riga ya sani.

Ɓangaren ma'ana shi zan kira tushe. Ƙamus ɗin da aka kammala a 1716 bisa umarnin Sarki Kangxi ya jera haruffa sama da 47,000 ƙarƙashin tushe 214, kuma har yau ana amfani da wannan lissafi. Ba sai ka san su duka ba. Arba'in zuwa hamsin sun ishe ka farawa. Ɗigo ukun ruwa, 氵, suna cikin 河 (kogi), 海 (teku), 洗 (wanki), 油 (mai). Baki, 口, yana cikin 吃 (ci) da 喝 (sha). Hannu, 扌, yana cikin 打 (duka), 拉 (ja), 推 (tura). Magana, 讠, tana cikin 说 (faɗa), 话 (zance), 谢 (godiya). Ƙarfe, 钅, yana cikin 铁 (baƙin ƙarfe), 银 (azurfa), 钱 (kuɗi). Ciyawa, 艹, tana kan 茶 (shayi), 菜 (kayan lambu), 药 (magani).

Wanda ya fi taɓa ni shi ne 贝, wuri. Sinawan dā da wuri suka yi ciniki, kamar yadda kakanninmu suka yi a kasuwar Kurmi, har kalmarmu ta "kuɗi" ma jam'in "wuri" ce a asali. Shi ya sa za ka ga wurin nan a ƙasan 贵 (tsada), 货 (haja), 费 (kuɗin aiki), da gefen 财 (dukiya) da 账 (lissafin bashi da ciniki). Ko saye da sayarwar da muka fara da su, a rubutun gargajiya 買 da 賣 ne, kowanne da wurinsa a ƙasa. Duk inda ka ga 贝 a takardar kaya, ka tsaya ka duba da kyau, sau da yawa ana maganar aljihu ne.

Ɓangaren sauti kuwa, ɗauki dokin nan, 马 (mǎ). Sa masa mace a gefe, 妈 (mā), uwa. Sa masa baki, 吗 (ma), alamar tambaya. Sa masa baki biyu a sama, 骂 (mà), zagi. Sa masa dutse, wato 石, ka samu 码 (mǎ), lamba. Babu ruwan uwa da doki, aron sautinsa kawai aka yi. Ga wani dangin: 青 (qīng). Da ruwa, 清 (qīng), garau. Da magana, 请 (qǐng), roƙo ko gayyata. Da zuciya, 情 (qíng), abin da rai ke ji. Da rana, 晴 (qíng), sararin sama marar hadari. Da ido, 睛 (jīng), ƙwayar ido. Ka koyi ɗaya, ka samu biyar a kansa. Haka 包 (bāo, ƙunshi) yake ba ka 跑 (pǎo, gudu, da ƙafa), 抱 (bào, runguma, da hannu), 饱 (bǎo, ƙoshi, da abinci).

Sai dai ka lura, sautin nuni yake yi, ba alkawari ba. Harshe ya canza cikin shekaru dubbai, wani lokaci kari ya bambanta, wani lokaci baƙin farko ma ya sauya. Yi hasashe, sannan ka tabbatar a ƙamus.

Saboda haka duk sabon harafin da ya zo gabanka, yi masa tambaya huɗu kafin ka ɗora fensir: sassa nawa ne, wanne ne na ma'ana, wanne ne na sauti, kuma a wace kalma ake samunsa? Rubuta amsar a gefen littafinka da Hausa.

Mataki na biyar: kalma, ba harafi kaɗai ba

Yawancin kalmomin Sinancin yau harafi biyu ne. 电 lantarki ne. Da 脑, ƙwaƙwalwa, ya zama kwamfuta. Da 话, zance, ya zama tarho. 火车, "keken wuta", jirgin ƙasa. 手机, "injin hannu", wayar salula. Mu da muka raɗa wa jirgi "jirgin sama" da "jirgin ruwa" wannan salon ba baƙonmu ba ne. Koyi kowane harafi tare da kalma biyu ko uku da yake ciki, musamman da yake wasu suna da furuci fiye da ɗaya: 行 xíng ne idan ana nufin "ya yi", amma háng ne a cikin 银行, banki. Sunayen ƙasashen waje kuwa galibi sauti ake bi: 尼日利亚 Nijeriya, 尼日尔 Nijar, 豪萨语 harshen Hausa.

Nahawu zai ba ka hutu. Aikatau ba ya canza siffa, babu jinsin namiji da tamace a kan kaya, jerin jimla kuma kamar namu ne: 我喝茶, ni, sha, shayi. Abin da za ka kiyaye shi ne lokaci yana zuwa kafin aikatau, kuma tsakanin lamba da suna sai an sa kalmar awo, kamar yadda muke cewa "ƙwaya uku" ko "turmi biyu": 三个人, mutum uku, 两本书, littafi biyu.

Mataki na shida: ƙari da tilawa

Haruffa nawa ake bukata? Jadawalin da hukumomin Sin suka fitar a 2013 yana da 8,105, amma rukuninsa na farko, na amfanin yau da kullum, 3,500 ne. Dubu ɗaya mafi yawan fitowa suna cin wajen kashi 90 na abin da za ka gani a rubutu, 2,500 kuma kusan kashi 98. Idan kana ƙarin biyar a kullum, kana hutawa ranar Juma'a, a shekara za ka haura 1,500.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san dabarar. Ba a ƙari sai an biya na jiya, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma haddar da ba a yi mata tilawa zubewa take. Abin da ba ya aiki shi ne kwafar harafi sau hamsin kana kallonsa, domin hannu ne ke tafiya, kai yana wani wuri. Rubuta shi sau uku kana kallo kana furta sautinsa da ƙarfi, rufe littafin, rubuta daga ka, buɗe ka duba. Dawo masa gobe, sannan bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Manhajar Anki tana lissafa maka waɗannan ranaku da kanta. Pleco kuma ƙamus ne na waya da kusan kowane ɗalibin Sinanci ke riƙe da shi, yana nuna furuci da misalai, kana kuma iya zana harafi ya nemo maka. Wanda ba shi da babbar waya ya yanka kwali ƙanana, harafi a gaba, pinyin da ma'ana a baya, ya raba su gwangwani uku: na kullum, na mako, na wata.

Awa ɗaya ta isa idan ba a fashi. Minti ashirin na tilawa bayan Asuba, lokacin da kai yake sarari. Minti ashirin na ƙari da rana. Minti ashirin na sauraro da karatu da dare. Awa bakwai a ranar Lahadi kaɗai ba ta kai wannan ba. Kuma kada wani ya yaudare ka da "Sinanci cikin wata uku". Makarantar horar da jami'an jakadancin Amurka tana ƙiyasta awa 2,200 na aji kafin ɗalibinta ya iya aiki da harshen.

Mataki na bakwai: fara karatu tun da wuri

Da ka kai haruffa 150 zuwa 300, nemi ƙananan labaran da aka rubuta wa masu koyo, waɗanda aka taƙaita kalmominsu. Zaɓi wanda ka san kusan duk abin da ke shafinsa. In kana buɗe ƙamus a kowane layi, ya fi ƙarfinka tukuna. Rufe pinyin da takarda, domin muddin boko yana wurin, ido can zai gudu. Rubutun Sinanci ba ya barin fili tsakanin kalmomi, don haka da farko ka riƙa raba su da fensir. Karanta a bayyane, ka saurari muryar ɗan harshe idan labarin yana da ita.

Kayan karatu kuma sun cika gidajenmu. Kwalin waya, jikin janareta, buhun kaya, takardar injin ɗinki, duk akwai haruffa. 中国制造 shi ne "ƙirar ƙasar Sin". Mai shirin tafiya ya haddace waɗannan kafin ya hau jirgi: 入口 mashiga, 出口 mafita (kuma ita ce fitar da kaya waje), 男 da 女 a ƙofar bayan gida, 清真 halal, 清真寺 masallaci, 牛肉 naman sa, 羊肉 naman rago, 猪肉 naman alade, 猪油 kitsensa, 酒 giya. Shagunan taliyar Lanzhou, 兰州拉面, da ke kusan kowane birni, galibi Musulmi ne ke riƙe da su, amma ka nemi 清真 a allon ƙofa. Musulmin Sin ɗin nan ma suna da nasu ajamin, xiǎo'érjīng, inda suka rubuta Sinanci da haruffan Larabci kamar yadda malamanmu suka yi wa Hausa.

'Yan kasuwa, ga wurare uku da ake asara. Sinawa suna ƙirga manyan lambobi da 万 (wàn), dubu goma, ba da dubu ba: 十万 dubu ɗari ne, 一百万 miliyan ɗaya. 斤 (jīn) rabin kilo ne, kilo cikakke 公斤 ne. Sannan 八折 ba ragin kashi 80 ba ne, ana nufin ka biya kashi 80 na farashi. A takardun banki da rasiɗai za ka ga lambobi masu wuyar jabu, 壹 贰 叁, a madadin 一 二 三. Kwanan wata kuma shekara ce a gaba, sai wata, sai rana.

Mataki na takwas: rubuta naka

Sanya allon rubutun pinyin a wayarka. Kana buga nihao, haruffa su fito, ka zaɓi 你好. Wannan zai ba ka damar yin hira a WeChat tun kana da 'yan kalmomi kaɗan. Illarsa ita ce hannu yana mutuwa, har su Sinawa suna da karin magana a kan haka, 提笔忘字, a ɗaga alƙalami a manta harafi. Shawarata ita ce haruffa 500 zuwa 800 na farko ka iya rubuta su da hannu daga ka, domin a cikinsu tubalan suke. Bayan nan, idan ba jami'a za ka shiga ba, ka fi ba ganewa da buga haruffa a waya ƙarfi.

Ka nemi mai gyara maka. Kari musamman mutum ba ya iya gyara shi shi kaɗai, domin kunnen mutum yana yi wa bakinsa uzuri. Akwai Cibiyar Confucius, mai koyar da Sinanci, a Jami'ar Legas da kuma Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, akwai malamai a intanet da ake biya da awa, akwai kuma Sinawa ɗaliban Hausa, domin ana koyar da harshenmu a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijing, kuma Rediyon Sin yana da sashen Hausa tun 1963. Musayar awa da awa da irin waɗannan ɗalibai ba ta cin ko sisi.

Don auna kanka akwai jarrabawar HSK. A tsarinta mai hawa shida, hawa na ɗaya kalma 150 ne, na biyu 300, na uku 600, na huɗu 1,200, na biyar 2,500, na shida 5,000. A 2021 an fitar da sabon ma'auni mai hawa tara, mai kalmomi sama da 11,000 da haruffa 3,000, saboda haka ka tambayi cibiyar da za ka zauna wane tsari take bi kafin ka sayi littafi. Jami'o'in da ke koyarwa da Sinanci galibi hawa na huɗu ko na biyar suke nema.

Daga wata na biyu, ka riƙa rubuta jimla uku kowace rana a kan abin da ya shafe ka, ka tura wa mai gyara, ka sake rubuta gyararriyar da hannu. Fara da irin waɗannan: 我是尼日利亚人, ni ɗan Nijeriya ne. 我不吃猪肉, ba na cin naman alade. 这个多少钱, wannan nawa ne? 太贵了, ya yi tsada da yawa. 便宜一点, a rage kaɗan. Idan mai gyaran ya dawo maka da jimla, duba ko kuskuren na zaɓen harafi ne, ko na jerin kalmomi, ko na kalmar awo, ka ware wa kowane iri shafinsa a bayan littafinka, ka riƙa bin shafukan nan duk ranar Asabar kafin ka yi sabon ƙari.